Ginin Gungun Azurfa: Yadda Ƙwayoyin Zarra Ke Jeruwa Daga 25 Zuwa 374

1. Share Fage

Halayen azurfa sanannu ne ga kowa. Fara ce, tana ƙyalli, tana miƙewa in maƙeri ya buge ta, wutar lantarki kuma tana ratsa ta da sauƙi fiye da kowane ƙarfe. Amma ƙwayar zarra guda ta azurfa ba ta da ko ɗaya daga cikin waɗannan halaye, gama su na taro ne. Ke nan akwai wata iyaka tsakanin ƙwaya guda da zoben da a ke sa wa a yatsa, inda azurfa ta ke fara zama ƙarfe. Ƙwaya nawa za a tara kafin a isa wannan iyaka? In kuwa an tara su, yaya su ke jeruwa?

An daɗe ana amsa wannan da ƙiyasi kawai. Sai daga shekarar 2013 zuwa yau aka sami ikon nuna mazaunin kowace ƙwaya a cikin waɗansu ƙananan tarin azurfa, tun daga masu ƙwaya ashirin da 'yan kai har zuwa masu ɗaruruwa. Nufin wannan takarda shi ne bayyana abin da aka gani, da dalilin da ya sa ginin ya ɗauki siffar da ya ɗauka.

2. Ma'anar Kalmomi

Tilas a fara daidaita waɗansu kalmomi. Nanomita ma'aunin tsawo ne. In an raba milimita guda gida miliyan, kashi ɗaya shi ne nanomita. A cikin azurfar maƙera, tsakanin cibiyar wata ƙwayar zarra da ta maƙwabciyarta nanomita 0.289 ne, watau in an jera su a layi sai an sami kusan miliyan uku da rabi kafin su cika milimita ɗaya.

Gungu, a nan, shi ne tarin ƙwayoyin zarra na ƙarfe wanda faɗinsa bai wuce nanomita uku ba, wanda kuma aka san adadin ƙwayoyinsa daidai, ba ragi ba ƙari. Irin wannan tari ba ya zama tsirara. In an bar shi haka sai ya manne da ɗan'uwansa, su yi ta haɗuwa har su zama baƙin gari a gindin kwalba. Saboda haka a ke lulluɓe shi da waɗansu ƙananan molekul, watau 'yan ƙulle-ƙullen ƙwayoyin zarra masu tsayayyen adadi. Masana suna kiran irin wannan molekul ligan, daga wata kalmar Latin mai ma'anar ɗaurewa. A nan za a kira shi maɗauri. Wanda aka fi amfani da shi ana ce da shi tayol. Kansa ƙwayar farar wuta ce guda, jelarsa kuwa ta kabon ce. Kan ya kan kama azurfa, jelar ta miƙe waje ta hana wani gungu matsowa. Ƙaunar da ke tsakanin azurfa da farar wuta ba baƙuwa ba ce, gama ita ke sa awarwaron azurfa ya yi baƙi in ya daɗe a ajiye. Abin da ke ɓata awarwaro shi ne a nan ya zama garkuwa.

A rubuce, Ag alamar azurfa ce, Au ta zinariya, SR kuwa ta maɗaurin tayol. Ag44(SR)30 na nufin ƙwayoyin azurfa 44 da maɗaurai 30.

3. Yadda Aka Kai ga Ƙirga Su

Tun 1857 Michael Faraday ya haɗa jan ruwa a Landan, ya kuma gane cewa ɓarɓashin zinariya ne mai ƙanƙanta ƙwarai ya ba shi wannan launi. A 1889 Carey Lea ya yi makamancin haka da azurfa a Amurka. A 1994 kuma Mathias Brust da David Schiffrin da abokan aikinsu a Jami'ar Libaful suka fito da hanya mai sauƙi ta lulluɓe ɓarɓashin zinariya da tayol, har a iya busar da shi a ajiye. Duk da haka abin da a ke samu gauraye ne, wani babba wani ƙarami. Mai bincike ya kan faɗi matsakaicin girma, amma ba ya iya cewa ga adadin ƙwayoyi.

Wannan gaurayen shi ya tare hanya. Babbar dabarar gano mazaunin ƙwayoyin zarra ita ce wadda ta samo asali daga aikin Max von Laue a 1912, da na William Bragg da ɗansa Lawrence a 1913. Ana haska eksire, irin hasken da likita ke ɗaukar hoton ƙashi da shi, a kan kiristal, watau daskararren abu mai jerarren ciki kamar ƙwayar gishiri. Hasken ya kan watsu ya bar ɗigo-ɗigo dubbai, daga wurarensu da ƙarfinsu a ke lissafa inda kowace ƙwaya ta ke. Amma kiristal ba ya tsira sai daga abubuwa masu kama ɗaya sak, kamar yadda tubala masu girma dabam-dabam ba sa ba da miƙaƙƙen bango.

An fara cin nasara da zinariya. A 2007 ƙungiyar Roger Kornberg ta Jami'ar Stanford ta bayyana ginin Au102(SR)44, a 2008 kuma aka bayyana na Au25(SR)18. Azurfa ta yi jinkiri domin ta fi zinariya saurin lalacewa a iska da haske. A 2009 Osman Bakr da Francesco Stellacci suka haɗa wani gungun azurfa mai tsabta, a 2012 aka auna nauyinsa aka tabbatar ƙwayoyinsa 44 ne, maɗauransa 30. A 2013 ƙungiyoyi biyu suka fitar da gininsa, kowace da aikinta: ta Terry Bigioni a Jami'ar Toledo ta Amurka tare da Uzi Landman, da ta Nanfeng Zheng a Jami'ar Xiamen ta ƙasar Sin tare da Hannu Häkkinen na Jami'ar Jyväskylä a Finlan. Maɗauransu sun bambanta a jela, amma ginin da suka samu iri ɗaya ne.

4. Ginin Ag44

An fi gane wannan gini in aka bi shi daga ciki zuwa waje, gama hawa uku ne.

Hawa na farko ƙwayoyi 12 ne. Sun zauna a kusurwoyin wata siffa mai kusurwa 12 da fuska 20, kowace fuska alwatika ce mai gefe uku daidai. A kowace kusurwa fuska biyar ke haɗuwa. Abin lura shi ne cikin wannan siffa fanko ne. Babu ƙwaya a cibiyarta, ko da ya ke akwai wurin da za ta iya zama. Waɗannan goma sha biyun ba su taɓa farar wuta ko kaɗan ba, azurfa ce zalla ke kewaye da su.

Hawa na biyu ƙwayoyi 20 ne, guda a bisa kowace fuska ta hawa na farko. In aka ja layi tsakaninsu sai wata siffa ta fito mai kusurwa 20 da fuska 12, kowace fuska mai kusurwa biyar. Waɗannan siffofi biyu masana lissafi na tsohuwar Girka sun san su tun kafin haihuwar Annabi Isa, kowace kuma tana shiga cikin 'yar'uwarta, kusurwar wannan a tsakiyar fuskar waccan. Hawan biyu tare sun ba da ƙwayoyi 32, su ne zuciyar gungun.

Hawa na uku shi ne garkuwa. Ya ƙunshi gini shida masu kama da rumfa. Kowace rumfa tana da azurfa 2 da farar wuta 5. Huɗu daga cikin farar wutar su ne dirkoki, sun kafu a kan zuciyar gungun. Kowace azurfa ta hau kan dirka biyu. Ta biyar ɗin kuwa ta gitta a sama ta haɗa azurfar biyu. Rumfunan shida sun rabu daidai, kamar a ce ɗaya a sama, ɗaya a ƙasa, huɗu a gabas da yamma da kudu da arewa. Lissafi ya cika ke nan: 12 da 20 da 12 sun ba da azurfa 44, biyar sau shida kuma maɗaurai 30.

A nan akwai darasi babba. Dā ana zato maɗaurai suna tsaye ne kawai a kan sumul ɗin ƙwallon ƙarfe, kamar allurai a jikin lemo. Ginin Au102 ya fara rushe wannan zato, na Ag44 ya ƙara. Maɗauri ya kan ɗago waɗansu ƙwayoyin ƙarfen daga jikin zuciyar ya saƙa su cikin garkuwa. Azurfa 12 na rumfunan sun fi kusa da halin gishirin azurfa bisa ga halin ƙarfe.

Ƙungiyar Bigioni ta ba da labarin cewa ta haɗa giram 140 na wannan gungu a aiki guda, ba tare da an tace manya daga ƙanana ba, gama kusan duk azurfar da aka zuba ta koma Ag44. Ta kuma nuna ya fi takwarorinsa na zinariya jurewa. Tilas a tambaya, me ya sa 44, ba 43 ko 45 ba?

5. Lissafin Ilektaron

Rabin amsar yana ga siffa: hawa uku ɗin nan kowane a rufe ya ke, ba gurbin da ya rage. Sauran rabin yana ga ilektaron, watau ƙananan ƙwayoyin lantarki da ke kewaya cibiyar kowace ƙwayar zarra.

Ƙwayar azurfa tana da ilektaron 47, amma guda ɗaya tak ke can waje, sako-sako. In ƙwayoyi sun taru, kowace ta kan saki nata ɗayan ya zama na kowa, yana yawo cikin tarin duka. An san cewa ƙwayoyin zarra irin su hiliyam mai ilektaron 2, da niyon mai 10, da agon mai 18, ba sa son haɗuwa da kome, domin ilektaron ɗinsu sun cika zubi-zubi ba saura. A 1984 Walter Knight da abokan aikinsa a Jami'ar Kalifoniya ta Berkeley suka ga irin wannan hali ga gungun sodiyam tsirara: masu ƙwaya 8, 20, 40, 58 da 92 sun fi sauran yawa. Ashe gungu dukansa yana iya yin hali kamar wata ƙatuwar ƙwayar zarra guda, da nasa zubin ilektaron. A 2008 Häkkinen da abokan aikinsa suka shimfiɗa ƙa'idar da ta kai wannan ra'ayi ga gungu mai maɗaurai. Adadin da a kan samu a nan su ne 2, 8, 18, 34, 58 da 92.

Ƙa'idar ba ta da wuya. A ƙirga ƙwayoyin azurfa, gama kowace ta ba da ilektaron ɗaya. A debe adadin maɗauran tayol, gama kowane ya riƙe ɗaya bai sake shi ba. Sa'an nan a ƙara rarar ilektaron da gungun ke ɗauke da ita, in akwai. Ag44(SR)30 yana ɗauke da rarar 4, waɗanda ƙwayoyin sodiyam huɗu ko makamantansu da ke zaune a waje suka ba shi. To, 44 a debe 30 saura 14, a ƙara 4 ya zama 18. Zubi uku ne cikakku, na 2 da na 6 da na 10. Fankon cibiya ma yana da hannu a nan, gama zubin da ke biye, wanda zai kai adadin 20, ilektaron ɗinsa sun fi taruwa a cibiya. Da ya ke ba ƙwaya a wurin da za ta jawo su, sai hawa wannan zubi ya yi tsada, gungun ya tsaya a 18.

Ƙa'idar ta ci jarrabawa a wani wuri. A 2015 ƙungiyar Bakr, a Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Sarki Abdullah a Saudiyya, ta bayyana ginin Ag25(SR)18 mai rarar ilektaron ɗaya. Lissafinsa 25 a debe 18 a ƙara 1, watau 8. Zuciyarsa ƙwayoyi 13 ne, goma sha biyun nan na siffa mai fuska 20 da guda a cibiya, garkuwarsa kuma gini shida masu azurfa 2 da farar wuta 3 kowane. Haka ginin Au25 ya ke, ƙwaya bisa ƙwaya.

Lissafin nan kuma yana raba abubuwa biyu da a kan rikita. A 2008 ƙungiyar Dieter Fenske a Karlsruhe ta Jamus ta bayyana wani ƙaton gungu mai azurfa 490, da farar wuta tsura 188, da maɗaurai 114. Kowace farar wuta tsura ta kan riƙe ilektaron biyu, watau 376. A haɗa da 114 ya zama 490 cif. Ba ilektaron ko ɗaya da ya rage yana yawo. Saboda haka, duk girmansa, wannan ɗan'uwan baƙin da ke kan awarwaro ne, ba ƙarfe ba ne.

6. Manyan Gungaye da Al'amarin Kusurwa Biyar

Mai karatu zai lura cewa biyar tana ta maimaituwa a ginin Ag44 da Ag25. Wannan abin mamaki ne, gama a cikin azurfar maƙera ba a samunta. A can ƙwayoyi suna jere ne hawa-hawa kamar lemon da aka tsara a faifai, kowace da maƙwabta 12, tsarin yana maimaita kansa ta kowace fuska ba iyaka. Tsari mai maimaita kansa haka yana karɓar biyu, da uku, da huɗu, da shida, amma ba ya karɓar biyar. Wanda ya gwada shimfiɗa daɓe da fale-fale masu kusurwa biyar zai ga giɓi ya ƙi rufuwa.

Dalilin da ya sa ƙaramin gungu ya zaɓi biyar shi ne yawancin ƙwayoyinsa a baki su ke, ƙwayar baki kuwa tana da ƙarancin maƙwabta. Siffa mai fuska 20 ta fi kowace kusa da ƙwallo, ta fi ba 'yan baki abokan jingina. Amma tana da farashi: tazarar da ke tsakanin ƙwayoyin baki ta fi wadda ke tsakaninsu da cibiya da wajen kashi 5 cikin 100. Ciki a matse, waje a buɗe. Ƙaramin gungu yana jure wannan, amma kowane hawa da aka ƙara sai tsamin ya daɗu.

Yadda azurfa ke fita daga wannan matsi ya bayyana a 2016, sa'ad da ƙungiyar Zheng, tare da Häkkinen, ta buga ginin gungaye biyu a mujallar Nature Communications. Na farko yana da azurfa 136, da maɗaurai 64, da kulorin 3. Na biyu yana da azurfa 374, da maɗaurai 113, da buromin 2, da kulorin 2. Faɗin ƙarfensa ya kai wajen nanomita 3. A lokacin ba a taɓa warware ginin gungun ƙarfe mai tayol da ya kai shi girma ta hanyar eksire ba. Aikin yana da wuya, gama ilektaron ne ke watsa hasken, azurfa mai 47 kuwa ta kan danne kabon mai 6, jelar maɗaurai kuma ba ta cika kwantawa wuri ɗaya ba.

Zuciyar Ag136 ƙwayoyi 54 ne, a siffar dala biyu masu gindi mai kusurwa biyar, an haɗa su gindi da gindi. Zuciyar Ag374 ƙwayoyi 207 ne, siffar ɗaya ce amma an ja ta ta yi tsawo, kamar an sa guntun ginshiƙi mai gefe biyar tsakanin dalar biyu. Sauran azurfar, 82 a na farko da 167 a na biyu, suna cikin ɓawon waje tare da maɗaurai.

Sirrin wannan siffa shi ne yanka biyar ce, kamar ɓarin lemo, sun kewaye sanda guda ta tsakiya. A cikin kowane yanki ƙwayoyi suna jere daidai da tsarin azurfar maƙera. Inda yanki ya gamu da yanki kuwa, kowane hoton ɗan'uwansa ne kamar a madubi, shi ya sa masana ke kiransu tagwaye. Sai dai lissafi bai cika ba. Kusurwar kowane yanki digiri 70.53 ce, sau biyar ya zama 352.65, alhali kuwa da'ira 360 ce. Saura digiri 7.35. An daɗe da sanin wannan giɓi daga hotunan madubin ilektaron na ɓarɓashi mafi girma, amma a nan aka auna shi ƙwaya bisa ƙwaya. Ba a bar shi a buɗe ba. Ƙwayoyin sun ɗan gusa kowace kaɗan, sun raba shi a tsakaninsu.

Matakan ke nan uku. Ƙarami ya kan ɗauki siffa mai fuska 20. Matsakaici ya kan riƙe biyar a sanda guda kaɗai, cikinsa ya koma tsarin ƙarfe. Babba ƙwarai, in ba wani abu ya tsare shi ba, ya kan bar biyar ɗungum. Wannan hanya ce da aka fi bi, ba doka ba ce marar togiya, gama girman jelar maɗauri da irin ƙwayoyin da ke baki suna iya karkatar da gini.

7. Inda Ƙarfe Ya Fara

A koma ga tambayar farko. Ilektaron a cikin gungu ba ya ɗaukar kowane ƙarfi da ya ga dama. Yana da matakai kamar na tsani. A ƙaramin gungu matakan suna nesa da juna, sai haske mai launi kaza ne zai iya ɗaga ilektaron daga wannan zuwa wancan. Shi ya sa Ag44 ke shan haske a wurare da dama rarrabe, kamar yadda molekul na rini ke yi. In ƙwayoyi sun yawaita sai matakan su matso, har tsanin ya zama gangare. A 1962 Ryogo Kubo na Japan ya nuna cewa tazarar tana raguwa gwargwadon yawan ilektaron. In an bi lissafinsa ga azurfa, tazarar ta kan yi daidai da ƙarfin ɗumin ɗaki sa'ad da ilektaron masu yawo suka kai wajen 200 zuwa 300.

Alamar isa wannan matsayi ita ce ilektaron su daina tsalle ɗaya-ɗaya, su riƙa kaɗawa gaba ɗaya in haske ya buge su, kamar ruwa a ƙwarya. Ana kiran wannan kaɗawa filasmon. Ga ɓarɓashin azurfa tana shan haske mai tsawon zango wajen nanomita 400, watau shuɗi mai duhu, saura ya fito rawaya. Ita ce ke ba da rawayan tagogin gilashi da masu sana'a a Turai suka riƙa rinawa da azurfa tun ƙarni na 14. Ƙungiyar Zheng ta ba da labarin bayyanar wannan alama a manyan gungayen nan nata. Ag374, wanda bisa ƙa'idar da aka bayar yana da ilektaron masu yawo fiye da 250, ya faɗa cikin iyakar da lissafin Kubo ya nuna. Ga zinariya, ƙungiyar Rongchao Jin ta Jami'ar Carnegie Mellon ta nuna a 2018 cewa Au246 bai zama ƙarfe ba tukuna, Au279 kuwa ya zama. Tsakaninsu ƙwayoyi 33 ne kacal.

8. Kammalawa

Abin da ya fito daga wannan bincike shi ne adadin ƙwayoyin gungu ba sa'a ba ce. Abu uku ke tsai da shi: siffar da ta rufu, da zubin ilektaron da ya cika, da garkuwar da ta dace da bakin zuciyar. A ƙananan gungaye lissafin ilektaron ya fi rinjaye; a manya, inda matakan tsanin suka matso, siffa da garkuwa su ke ja gaba.

Amfanin sanin wannan a fili ya ke. Ana sa ɓarɓashin azurfa cikin magungunan kashe ƙwayoyin cuta, da na'urorin gano sinadarai, da abubuwan hanzarta haɗuwar sinadarai a masana'antu, duk aikin kuwa a bakin ɓarɓashin ya ke faruwa. Wanda bai san yadda bakin ya ke ba, gwaji kawai ya ke yi. Ga malamin da ke koyar da kimiyya kuma akwai riba ta kusa: lissafin 12 da 20 da 12, da na 44 a debe 30 a ƙara 4, da giɓin digiri 7.35, duk ɗalibi yana iya bin su da alli a allo, ko ya gina siffofin da yumɓu da tsinke ya ƙirga da hannunsa.